Layinmu Ƙalau Yake

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe takardar da ta ce shi injiniya ne ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa falwaya a kamfanin tarho, tsani a kafaɗa, filaya a aljihun baya, tarhon gwaji rataye a ƙugu. Gajere ne mai faɗin kafaɗu. In ya kara kunne a layi na ɗan lokaci, zai gaya maka ko ruwa ne ya shiga mahaɗa, ko ɓera ne ya yi ta'adi, ko kuwa maƙwabci ne ya jona maka sata. Kuma gaskiyar Allah, da wuya a je a tarar ba haka ba ne. Abin da ya ɓata shi ke nan. Mutumin da ya saba kullum a tarar da maganarsa daidai, a hankali sai kunnensa ya toshe ga maganar kowa, har ta matar da ke dafa masa abinci.

Da ya yi ritaya ya ci gaba da zama a sashen ƙasa na wani gidan haya mai hawa biyu, inda iyalai huɗu ke zaune. 'Ya'yansa duk sun kama gabansu. Saura shi da matarsa da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Inna ta haura tamanin. Idanunta sun yi hazo, yatsunta sun lanƙwashe, amma harshenta bai tsufa ba ko kaɗan. Kusa da kujerarta akwai ɗan teburi, a kansa kuma tsohon tarho mai igiya, wanda farinsa ya koma ruwan madara saboda daɗewa. Injiniya ne ya ja masa waya da hannunsa tun yana da baƙin gashi. Wayar hannu kuwa Inna ta ce a kai kasuwa. Da ta kara ta a kunne sai kuncinta ya taɓa gilashin, kira ya yanke. In aka buɗe mata murya kowa ya ji, sai ta ce ita ba mai shela ba ce.

Sau uku a mako tarhon nan ke ƙara, Talata da Juma'a da Lahadi, da ƙarfe bakwai na yamma. Auta ce ke kira, ƙanwar Injiniya, wadda ya girma da shekara goma sha bakwai. Shekararta shida a wata ƙasa mai nisa, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma hutun rabin awa da ake ba ta a wurin aiki shi ne ke faɗowa daidai bakwai ɗin nan. Inna ba ta taɓa yarda da tafiyar ba. Ranar da Auta za ta tafi abin da ta ce mata shi ne, “Ki bar taki tsohuwar, ki je wankin tsofaffin wasu.” Maganar nan ba ta warke ba tsakaninsu, rufe ta kawai aka yi. Amma duk da haka, da shida da rabi ta yi za ka ga Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ja kujera, ta ɗora hannu a kan tarho tana jira.

Ana nan sai takarda ta zo daga kamfani, cewa za a tsige tsofaffin wayoyin tagulla a unguwar kafin wata uku. Duk mai son tarhon gida sai ya koma na intanet. Injiniya ya karanta sau biyu, ya ninke, ya fita ya tsaya bakin titi yana kallon wayoyin da ya ja da ƙuruciyarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai faɗa wa kowa ba. Da ya dawo ciki sai ya ce, “Inna, kada ki damu. Tarhonki na nan, lambarki na nan. Ɗan akwati kawai za a jona masa.”

“Kai ka san wannan, Babba,” in ji ta. “Ni dai in ji muryar yarinyar nan.”

Ya ɗauki aikin zaɓen nan kamar an maido shi bakin aiki. Ya sayi sabon littafi, ya ja layuka da rula, ya yi ta zagayen shagunan kamfanoni yana yi wa masu tallar tambayoyin da ke sa su duban juna. Daga biyar ya rage su zuwa biyu. Gidan nasu intanet ɗaya ake rabawa, iyalai huɗu da kalmar sirri ɗaya, na'urar da ke watsa shi kuma tana hawa na sama, a falon wata malamar makaranta. Akwatin kamfani na farko sai an ja masa kebul tun daga wannan na'urar, amma yana ba murya hanya kafin komai ya wuce. Na kamfani na biyu kuwa ba ya son kebul, ta iska yake kamo rabonsa kamar wayar kowa.

Kowane kamfani ya ba shi akwati ya gwada na mako guda. A nan ya yi kuskuren da mai tsoron waya ba zai yi ba, sai gwani. A zamaninsu ƙa'ida ce, gwajin layi da hantsi ake yi, lokacin da gari ya lafa, don ka ji ko akwai ɗan gurnani ko tsaki a cikin waya. Layin tagulla naka ne kai kaɗai, abin da ka ji da hantsi shi za ka ji da yamma. Don haka kullum ƙarfe goma na safe, ma'aikata sun fita, 'yan makaranta sun tafi, gida ya yi tsit, sai ya ɗaga tarho ya kira wani tsohon abokin aikinsa, su yi ta ƙirga ɗaya zuwa goma suna saurare. Akwatin iska ya fito tas, ko numfashin abokin yana ji.

Ranar Asabar ya hau sama da tarhon a hammata don ya gwada mai kebul ɗin a falon Malama. Shi ma ya fito tas. Malama, mace mai kawaici, ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallo.

“Baba Injiniya, da ka gwada da yamma ma,” ta ce. “In kowa ya dawo gida, ni kaina da nake kusa da na'urar, darasin da nake yi wa ɗalibai ta intanet tsinkewa yake yi. In kebul ne, ga bango nan, ka huda, ba komai wallahi.”

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. “Malama, ke da alli, ni da waya. Ba sai na ɓata miki fenti ba.”

Gaskiyar magana ba fenti ne damuwarsa ba. Ba ya son a ce tarhon uwarsa yana rataye da alfarmar wata, kuma yana son a ga cewa tsohon mai hawa falwaya ya fahimci zamani, ba jan waya kaɗai ya iya ba. Ya zaɓi akwatin iska. Matarsa ta ce, “Maigida, ai da ka ji ta Malama.” Ya ce ta je ta duba tukunyarta.

Talatar farko, bakwai na bugawa tarho ya yi ƙara. Aka gaisa, aka tambayi ƙafa, aka tambayi sanyin can. Injiniya yana daga falo yana jin muryar Inna, yana jin daɗin kansa. Can sai ta yi tambayar da takan yi sau ɗaya a wata. “To ke yanzu yaushe za ki dawo?” Shiru. “Auta? Ke Auta?” Ta cire kan tarhon daga kunne ta dube shi, ta mayar. Kira ya yanke.

Bayan minti biyu Auta ta sake kira, ta ce layi ne. Inna ta ce to. Ranar Juma'a muryar ta riƙa zuwa guntu-guntu, sannan ta ɗauke. Ranar Lahadi, kamar da gangan, ta sake ɗaukewa daidai lokacin da Inna ke ba da labarin wata sa'ar Auta da ta dawo gida ta buɗe shago kusa da uwarta.

A daren Inna ba ta ci abinci sosai ba. Da safe ta kira shi ɗakinta.

“Babba, zauna. Yarinyar nan ta ce layi ne. Layin ne?”

Da ya ce bari in duba, da shi ke nan. Kalma uku ce. Amma matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, kuma ya san abin da ke cikin idonta. Sai ya gyara zama ya ce, “Layinmu ƙalau yake, Inna. Kwana bakwai na yi ina gwada shi da kunnena.”

Inna ta gyaɗa kai a hankali. A duniya in akwai abin da ba ta taɓa shakka a kai ba, to maganar Babba ce a kan waya. “Na ji,” ta ce. “Dama na sani.”

Auta ma ta turo masa saƙo tana tambaya. Ya amsa mata da cewa matsalar daga wajenta take, ta duba wayarta. Baiwar Allah ta duba. Ta canza layi, ta ari wayar abokiyar aikinta, har ta riƙa fita wajen ajiye motoci tana tsayawa cikin sanyi don ta sami sabis mai kyau. Kira bai fasa yankewa ba. To in nata ƙalau, na Yaya ma ƙalau, me ya rage? Sai ta fara tunanin Inna ce ke ajiye mata tarho in magana ba ta yi mata daɗi ba. Ita kuma Inna a nan ta riga ta gama yanke hukunci, cewa 'yarta na kashe mata waya, sannan ta bi da ƙarya.

A mako na uku ya gano. Wata yamma ya ɗaga tarhon don ya yi wa abokin nan nasa jajen rashin lafiya, sai ya ji muryar mutumin tana karyewa, rabin kalma ta zo, rabi ta ɓace. Ya ajiye ya fito tsakar matakala. Daga sashen direban da ke kusa da su ana ihun ƙwallo. Daga sama sautin fim ke fitowa ta ƙofa ɗaya, ta ɗayar kuma muryar Malama tana cewa ɗalibanta, “Kuna ji na? Kuna ji na yanzu?” Ya daɗe tsaye riƙe da ƙarfen matakala. Kunnen da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gano laifin layi bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kunya ta rufe shi.

Nan ma ƙofa a buɗe take. Taku goma ne zuwa ɗakin Inna. Amma sai ya ce wa kansa bari ya gyara tukuna, in ya gyara sai ya faɗa, don faɗar laifi ta fi sauƙi in maganinsa na hannu. Gyaran kuwa ɗaya ne, ya hau sama ya ƙwanƙwasa ƙofar matar da ya ce wa ita da alli. Ƙafarsa ta ƙi. Sai ya shiga dabaru. Ya mai da akwatin bakin taga. Ya ɗora shi kan kabad. Ya ɗaure shi a jikin sandar labule da igiyar takalmi. Ya lanƙwasa murfin gwangwani ya kafa a bayansa wai ya tattaro masa iska. Matarsa na kallonsa yana hawa kujera yana sauka.

Wata biyu ya ɓata a haka. A cikin wata biyun kiran Talata ya fara ɗaukewa, Auta ta ce an canza mata aiki. Daga baya na Juma'a ya bi. Ranar wata Lahadi tarho ya yi ta ƙara, Inna na zaune kusa da shi, hannuwanta a cinya.

“Inna, ga Auta,” in ji matar Injiniya.

“Bar shi. Na gaji da a riƙa rufe mini baki kamar 'yar aiki. Ni na haife ta.”

Daga ranar ta sa aka juya mata kujera ta fuskanci taga. Ta daina tambayar ƙarfe nawa. Ta rame, ba irin ramar ciwo ba, irin ta wanda ba ya jiran komai. Da ma can ita ce mai tsokanar kowa a gidan, har direba takan tare a ƙofa ta ce yaushe zai kai ta yawo a gaban mota. Duk wannan ya tsaya.

Matarsa ce ta kai ƙarshen haƙuri. Wata safiya yana kan kujera yana gyara murfin gwangwaninsa ta ce, “Sauko, Maigida. Shekara talatin da biyar ban taɓa ce maka ka yi ƙarya ba, yau ma ba zan ce ba. Amma ka leƙa ka dubi tsohuwar nan. In ba za ka hau sama ba, ni zan hau.”

Ya hau. Malama ba ta ce ai na faɗa ba, kuma da ta ce da ya fi jin sauƙi. Ta janye masa kujerun falo kawai, ta ɗaga labule. Ya koma kamfani na farko ya karɓo akwatinsu, ya ɗauko tsohuwar jakar aikinsa. Ya huda bango, ya bi gefen matakala da kebul, ƙusa bayan ƙusa, tazara ɗaya kamar an auna da ma'auni, ya zagaye ƙofa, ya shiga ɗakin Inna ta saman taga. Aiki ne mai kyau, irin wanda ya iya tun yana saurayi. Awa biyu da kwata ya ɗauke shi. Da ya duba agogo ya ga haka, sai ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannuwa.

Da yamma ya gwada, ana tsakiyar ƙwallo. Murya ta fito tas. Ya tura wa Auta saƙo cewa don Allah ta kira ranar Lahadi. Ta kira. Shi ya ɗaga, ya lallaɓa Inna har ta karɓa.

“Lafiya lau,” in ji Inna. “Da sauƙi. To madalla. Suna nan ƙalau. To, ki koma bakin aikinki, kada in ɓata miki lokaci.”

Ta ajiye kan tarhon da hannunta, a hankali, ta mai da fuska taga. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Layin bai yi ko tsaki ba.

Ya fita waje ya kira Auta a wayarsa, ya faɗa mata komai, tun daga gwajin hantsi har murfin gwangwani. 

“Yaya,” ta ce, “ka san sau nawa na zauna a bayan motocin mutane ina kuka? Na ɗauka uwata ce ba ta son jin muryata.”

“Na cuce ki, Auta.”

“Ni bar ni. Ni yarinya ce, zan warke. Je ka gaya mata. Yanzu, ba gobe ba.”

Ya koma ciki. Inna na nan inda ya bar ta. Ya durƙusa a gaban kujerarta, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ce, “Inna, ina da magana. Auta ba ta taɓa kashe miki waya ba, ko sau ɗaya. Layin ne. Ni na zaɓi akwatin da bai dace ba, na gwada shi a lokacin da bai dace ba. Da kika tambaye ni, ban duba ba na ce miki ƙalau yake. Da na gano kuma, na yi shiru wata biyu saboda girman kai. Laifina ne, ni kaɗai.”

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta laluba da lanƙwasassun yatsunta ta sami kansa, ta shafa furfurar.

“Kai dai ba ka canzawa, Babba,” ta ce. “Tun tana ƙarama haka kake. Ta fasa kofi, ka ce kai ne. Ta ɓatar da takalmi, ka ce kai ne.”

“Inna, wallahi wannan karon ni ne. Ga kebul can na ja, ki tambayi Malama, ki tambayi—”

“Kul, kada ka rantse saboda ita. Shekara talatin kana gyara wayar gari, sai tawa ce za ta gagare ka? Ni za ka gaya wa?” Ta yi ɗan murmushi, na farko cikin makonni. “Na gane abin da kake so ka yi, kuma na gode. Ka bar ni da ita, tsakanina da 'yata ne. Kai kam ban taɓa samun ka da ƙarya ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda kake rufa wa ƙanwarka.”

Hannunta na kan kansa, tana jira ya amsa. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

“Amin, Inna,” ya ce.